Warin Fetur a Rijiyarmu

Unguwar Ɗan Iya,
Bauchi.

Zuwa ga Goggona Khadijatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Abdulhamid da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya sa zaman Fatakwal ya ci gaba da karɓar ku. Mu ma nan lafiya lau muke. Inna ta warware daga murar da ta yi, Musaddiq ya shiga aji huɗu, ni kuma mun fara shirin jarrabawar ƙarshe.

Goggo, na zaɓi rubutu ne saboda kin san halina, a waya sai in rasa bakin magana. Godiya nake son yi miki a kan shawarar da kika ba ni ranar da na kira ki ina kuka. Ke kaɗai na faɗa wa cewa ni ce na ɓata rijiyar gidanmu, domin da Inna ta aike ni in zuba ɗan kananzir a masai saboda kyankyasai, kwalba guda na juye, kuma bayan kwana kaɗan ruwan ya fara wari. Mako bakwai ina ɗauke da abin nan a ciki. Duk sanda maƙwabciya ta zo da bokiti ta shinshina ta koma, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kika ce mini ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani, in faɗa ko da muryata na rawa.

A wannan tsakanin sau uku Baba yana kiran masu yasar rijiya, kamar yadda ake yi idan kaza ko ƙadangare ya faɗa. Su kwashe ruwan tas har laka, a yini biyu da sauƙi, sai warin ya dawo fiye da da, da wani maiƙo mai launi-launi a sama. Har aka fara maganar a cike ta. Da gidaje huɗu na layinmu suka fara irin wannan kuka, mai unguwa ya kai ƙara, aka turo ma'aikatan kula da muhalli. Shugabarsu wata injiniya ce, Madam Eunice, doguwa mai takalmin roba, Hausarta irin ta barikin sojoji na Shadawanka, tana ce wa Inna "kai". Ta zauna a tabarma ta tambayi ko an taɓa zubar da wani mai kusa da rijiyar. Na tuna maganarki, na fito daga bayan Inna na faɗi komai, idona a ƙasa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce na kyauta, domin abin da aka gaya musu yana rage musu aiki, amma ba za ta yanke hukunci da hanci ba sai an gwada. Suka ɗebi ruwa a ƙananan kwalabe, suka rubuta rana da sunan gida, suka tafi. Kwana goma da suka biyo baya ko abinci ban iya ci sosai ba. Da ta dawo, ta ce fetur ne tsantsa, ba kananzir ba. Tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan man da ke bayan katangarmu ne ya yi tsatsa ya huje, ya daɗe yana tsiyaya. Ta kuma bayyana mana cewa duk yasar da aka yi, janyo man aka yi zuwa gidanmu, domin idan rijiya ta yi ƙasa, ruwan kewaye ne ke gangarowa ya cike ta.

Yanzu an rufe gidan man, an tono tankin, tifofi sun kwashe ƙasar da ta jiƙe. An haƙa siraran rijiyoyi shida na gwaji masu murfin ƙarfe, ɗaya a ƙofar gidanmu. Duk mako biyu suna zuwa su zura igiyar awo su ɗebi ruwa. Akwai kuma inji da ke zuƙo ruwan yana tace shi ta cikin manyan durom masu wani irin gawayi. Rijiyarmu an sa mata kwaɗo, an hana ko alwala da ita, amma ba za a cike ta ba. Madam Eunice ta ce sai gwaji ya fito da tsabta sau da yawa a jere, wataƙila shekara biyu. Kafin nan tanka ce ke kawo mana ruwa.

Ga abin da ban faɗa miki a waya ba. Ranar da sakamakon ya fito, muna cin tuwon rana, Baba ya ajiye loma ya ce shi ma tun farko ya ɗauka laifinsa ne, saboda baƙin man janareta da yake zubawa a gindin katanga don gara, shi ya sa ya dage da yasa bai kai ƙara ba. Inna ta rufe fuska da gyale tana dariya, ta ce ita kuma rishonta take wankewa a bakin rijiyar, har azumi ta yi a kai. Ashe mu uku muna gida ɗaya, kowa yana kallon ɗan'uwansa yana jin kunya. Baba ya ce a cikinmu ƙaramar ce kaɗai ta iya buɗe baki, ya tura mini naman da ke kwanonsa. Goggo, ban iya ce masa ke kika sa ni ba, sai ki yafe mini wannan.

Ki gaishe mini da Baba Abdulhamid, da Yaya Fakhruddeen, da Salma da Khairat. Baba da Inna suna gaishe ku, Musaddiq ya ce kada a manta da shi. Allah Ya saka miki da alheri, Ya haɗa fuskokinmu da lafiya.

'Yarki,
Amatullah