An Ɗauke Injin Ban-Ruwa

Goronyo, ran Laraba.

Zuwa ga maigidana, Baban Sauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lahiya, kai da abokan sana'arka nan Ikko. Ya kasuwa, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lau muke, Sauda na ta tambayarka.

Na san labarin zaɓe ya iske ku. Mutumin da kuke ma dariya, mai hawa bayan mota shina rantsuwar karya tsadar taki, shi ne shugaban ƙasa yanzu. Har akwatinmu ya kwashe! Alhaji Uwaisu, da ya ba mu aron injin ban-ruwa, ya tara maza a zaurenai, sunka yi mai alkawarin zaɓen tsohon shugaba, ya ɗauka ya gama. Bai aiko ma mata ko goro ba. Ran zaɓe layinmu ya ninka na maza.

Tau, ba ni ɓoye maka, ni ma sabon na dangwala ma. Ka yi waya ka ce in bi Alhaji, na amsa, ban bi ba. Shekara huɗu ina auna gero da gwangwani ina kallon idon yara, mi kake so in zaɓa? Ba yarda na yi da sabon ba, bakinai ya cika zaƙi. Na dai gaji ne, wallahi.

Washegarin sanarwa Alhaji ya ji wanda na zaɓa, ya aiko anka kwance injin daga gonarmu, albasa ko saura sati ukku a cire ta. Na yi kuka, ba ni musu. Sannan na tuna da tsohon jigon Baba da ke bayan rumbu. Wana Almustapha ya kafa shi bakin gulbi, ni da maƙwabciyata Adama muna ɗibar ruwa karɓa-karɓa. Hannuna duk ya yi kanta, amma fangalin albasa arba'in da ke gonar babu wanda bai sha ba.

Jiya Alhaji ya aiko wai zai maido inji in ka kai ni zaurenai na ba da haƙuri gaban jama'a. Na san halinka, ba ka son rigima, kana iya hawo mota gobe. Don Allah ka zauna ka yi kasuwarka. Albasarka za ta iske ka cikin buhu, in Allah ya yarda. Ni ko ba ni durƙusa ma kowa kan ƙuri'ata.

Ka gaida abokan zama. Allah shi tsare mani kai.

Taka har kullum,
Habi