Na Sare Wa Wan Mijina Dankali, Na Karya Masa Hannu

Gwaggo Kyomuhendo, don Allah ki taimake ni, hannuna ya jawo mini masifa.

Shekara uku ke nan da rasuwar mijina. Ya bar mini 'ya'ya huɗu da gonar dankalin turawa a gangaren tudunmu na Rubanda. Gonar wansa, Turyahikayo, tana sama da tawa, kunya ɗaya ce ta raba mu. Bara da ya haƙe nasa, sai ya tara ruɓaɓɓun a bakin iyaka. Na ce, Yaya, a binne wannan abu. Ya ce tun yaushe mace ta fara koya masa noma.

Bana ruwa ya zauna, kullum hazo har hantsi. Tarin nan ya tsiro, ganyensa ya yi baƙi, ciwon ya ci gonarsa ya gangaro tawa. Baƙin tabo a saman ganye, farar funfuna a ƙarƙashi, ga wari. Na yi feshi sau biyu, a banza. Na hau na same shi ina kuka, sai ya bushe da dariya, wai matar ƙanena, je ki kai ƙarar iska wurin dagaci.

Gwaggo, idona ya rufe. Na ɗauki adda na faɗa gonarsa, na yi ta sara, ban bar kara ɗaya a tsaye ba. Ya rugo ya shaƙe ni, na fizge, na rarumi fartanya na maka masa ƙota a hannu. Da kunnena na ji ƙashin ya ce ƙas. Ya faɗi, na ƙara masa a goshi, jini ya wanke masa fuska. Wallahi da matan maƙwabta ba su danne ni ba, ban san inda zan tsaya ba.

Yau kwana goma sha biyu. Ranar Asabar dangi za su zauna, kuma ana cewa za a karɓe gonar a mai da ni gidanmu. Abin da ya fi ci mini rai, jiya matarsa ta tona gindi biyu, dankalinsu sumul. Ni kuwa da na bar ganyena don ya ƙara girma, na tona na tarar wasu sun fara ruɓewa. Yanzu har cewa ake yana da asiri. Yaya zan yi kada gonar 'ya'yana ta tafi?

Mai Ƙotar Fartanya, Rubanda

'Yata,

Kin yi mugun abu, ba zan shafa miki mai ba. Ƙota a goshi tana kisa, kuma da ya mutu, da 'ya'yanki sun rasa uwa bayan uba. Shi ma da laifinsa: tarin ruɓaɓɓen dankali a bakin gona shi ne gidan wannan ciwo, kuma yi wa mai kuka dariya rashin imani ne. Amma maganarsa ta iska ba duka ce ƙarya ba. Iska da hazo ke yawo da ciwon, ko babu tarinsa yana iya zuwa miki daga wani tudu.

Batun asiri kuwa, ki manta. Ciwon daga ganye ruwa ke wanko shi zuwa ƙasa ya shiga 'ya'yan dankalin. In ya ci ƙarfin gona, magani shi ne a yanke ganyen. Ke kika yi masa wannan aiki da addarki.

Don haka yau, ba gobe ba, ki yanke naki, ki kwashe ki binne nesa. Ki tura ƙasa ta rufe kunyoyi, ki bar dankalin mako biyu fatarsa ta yi ƙwari, ki haƙa ranar da babu ruwa. Mai tabo kada ya shiga ɗaki, kada kuma ki ajiye iri daga wannan gona. Baɗi ki sa wake ko dawa. In kin dawo kan dankali, feshi kafin tabo ya fito ake yi.

Kada ki jira Asabar. Ki dama obushera, kunun dawarmu, tulu guda, ki sa surukarki, uwar mijinki, a gaba ki je ki durƙusa masa. Ki tabbata likita ya ga hannun nan, ba mai ɗori kaɗai ba. Ko don tsoron ramuwa, kada ki je ke kaɗai. Gonar haƙƙin marayu ce, ki faɗa wa dangi haka da murya ƙasa, amma sai bayan sun ga aikinki.

Aikin kuwa ga shi. Dankalinsa ya isa haƙa, shi kuma ba shi da hannu. Ki ɗauki fartanyar nan da kika karya shi da ita, ki hau gonarsa, ki haƙe masa har gindin ƙarshe.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya bar wa yaran gonarsu.

Gwaggo Kyomuhendo