Injin Sharar Buraima

Dija, na bar ki kina barci, motar Damagaram ba ta jira.

Jiya da Buraima, tsohon manemin naki, ya kawo miki injin shara daga Yamai, ina jin ki. "Kai, ba nauyi, ga shi tsaye ƙyam!" Har da dariyar da rabona da ita tun amarcinmu. To, ba nauyi, na yarda. Amma ina wutar lantarki a gidan nan? Ko da akwai, farin rairayin da na ɗebo miki a ka, kika shimfiɗa a ɗakinmu, shi zai fara haɗiyewa.

Wallahi ban runtsa ba. Ki ba Inna ta mayar masa yau. Ke kada ki je.

Naki,
Hamma