Rasit Daga Garejin Baban Ladi

Parkchester, 4 ga Maris

'Yata Hadassa,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya karatu, yaya sanyin Albany? Ina fata kina cin abinci mai zafi. Na rubuto ne domin a waya bakina yana riga tunanina, kuma yayanki Shamshon yana gida, ba na so in ƙara masa damuwa.

Kin san motata da babbar mota ta murƙushe tana ajiye a bakin titi. Kamfanin inshora ya aiko takarda. Kwana biyu na yi ina bin ta da yatsa, sannan Elisabet ta cocinmu ta tabbatar mini da abin da na gane. Wai motar ba ta gyaruwa, za su ba ni dala dubu huɗu da ɗari biyu. Hadassa, bara-baran nan na sa mata sabon giyabos na dubu uku da ɗari takwas, kwasata ta adashin zumuntar mata gaba ɗaya. Na gaya wa mutumin kamfanin. Ya ce wanda ya duba motar ya rubuta cewa giyabos ɗin tsoho ne. Na ce masa ƙarya ne, da ɗan Turancina, har sau biyu.

Tsohuwar da nake kula da ita a Yonkers, 'yarta ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Ƙarfe bakwai ake yi mata allurar sukari, kuma da jirgi da bas ba na isa. In ban sami mota ba za su ɗauki wata. Dubu huɗu ba ta sayen motar da za ta kai ni ta dawo da ni.

Mutumin ya ce in kawo rasit. Baban Ladi ne ya yi aikin a garejinsa na Morrisania. Ɗan garinmu, dattijon coci, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar babanku. Yaya zan tsaya gabansa in ce ya ba ni takarda, kamar ina zarginsa? Shamshon ma, wanda shi ne ya kai masa motar da kuɗin aikin bara, ya ce abin kunya ne, in karɓi abin da suka bayar in huta.

Ki ba ni shawara. Allah ya kiyaye ki.

Mamanki,
Filomina

Albany, 8 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki. Ina cin abinci, ki daina damuwa.

Kada ki sa hannu a komai. Wannan tayin farko ne, kullum da ƙasa suke farawa, kuma kina da 'yancin ki ƙi. Na nemo tallan motoci uku irin taki da kuɗin da ake sayar da su, ga su cikin ambulan. Ki haɗa da rasit, Anti Elisabet ta taya ki rubuta musu.

Maganar kunya kuma, Mama, a nan Amurka ko fasto ya sayar miki da kujera sai ya ba ki rasit. Baban Ladi ba zai ji haushi ba. Ki je da kanki, in kin aiki Yaya Shamshon zai ce gobe. Sau uku na kira shi bai ɗauka ba.

Rubutunki ya yi kyau sosai.

'Yarki,
Hadassa

Parkchester, 13 ga Maris

'Yata Hadassa,

Ina gaishe ki.

Na je. Na dama kunun gyaɗa na kai masa don maganar ta zo da sauƙi. Na tambayi Ladi, na tambayi jikoki, na tambayi ƙafarsa, sai da gaisuwa ta ƙare mini sannan na ce mutanen kamfani ne suke son takarda, ba ni ba. Dariya ya yi, ya ce, "Maman Shamshon, ai da kin faɗa tun bara." Ya goge hannu ya rubuta ya miƙo mini.

Na karanta da kaina a tsaye. Dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Na ce masa ko ya manta wani abu. Ya ce a'a, Shamshon ne ya ce Mama ba ta da hali, a nemo na hannu. Daga wurin da ake farfasa tsofaffin motoci ya samo shi, kuma rabin kuɗin aikinsa ya yafe saboda ni gwauruwa ce. Shekara guda ke nan mutumin nan yana tausaya mini a coci, ni kuma ina cewa a raina aikinsa da tsada.

Da na dawo na ajiye rasit ɗin kusa da farantin Shamshon. Ya ce shi da wani abokinsa suka zuba sauran kuɗin a sana'ar wayoyi a titin 125, kayan suka maƙale, ya so ya mayar kafin in sani. Sai ya ce, "Mama, bari in roƙi Baban Ladi ya rubuta wani na dubu uku da ɗari takwas. Ai ba za su sani ba."

Na ce, "Ni ma haka ka ce ba zan sani ba?"

Ya tashi ya fita. Hadassa, ba zan ɓoye miki ba, na yi ta juya maganarsa a raina. Kuɗin nan na bayar da su da gaske. Saura kwana goma sha takwas wata ya ƙare.

Mamanki,
Filomina

Albany, 16 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki. Don Allah kada ki yi. Sun riga sun ga giyabos ɗin da idonsu. Rasit na ƙarya laifi ne babba, sunanki ne a kan inshorar, kuma Baban Ladi zai iya rasa garejinsa. Ki aika na gaskiyan tare da tallan.

Na sami Yaya Shamshon a waya. Abin da na gaya masa ba na rubutawa ba ne. Zan zo Ista.

'Yarki,
Hadassa

Parkchester, 29 ga Maris

'Yata Hadassa,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Na aika na gaskiyan. Sun ƙara ɗari shida saboda tallan da kika nemo, na sa hannu. Mutanen Yonkers sun ɗauki wata, ran Litinin za ta fara. Na rubuta mata yadda tsohuwar take son shayinta.

Shamshon yana nan, yana wanke kwanuka ba a sa shi ba. Ina dafa masa abinci.

Sun tambayi inda za su aika cek ɗin. Na ba su adireshinki. In ya iso ki riƙe shi a wurinki, kada ki zo da shi Ista.

Allah ya kiyaye hanya.

Mamanki,
Filomina