Layar da na ciro a ƙarƙashin motar Kawu

Wani ɗan uwa ne ya turo, ya ce a ɓoye sunansa.

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ce mini in yi haƙuri, don haƙurin nan na ji shi har ya ishe ni.

Ni mai gyaran lantarkin mota ne a Magaria. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwar wake da riɗi, bara ya sayi babbar mota irin wadda ba ta zama kan ƙarfe, kan balan-balan na iska take zama. Akwai injin da ke hura musu iska, akwai kuma wani ɗan abu da muke ce wa kaptar, shi ke auna ƙarfin iskar ya gaya wa ƙwaƙwalwar motar. Wata uku da suka wuce motar ta tsiro da wani hali, a kan kwalta lafiya lau, amma da an hau hanyar Dungass mai gargada sai ta durƙushe ta baya kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. Kawu bai kawo mini ba, wai ni ɗan jiya ne. Ya kai ta Damagaram, suka jona na'ura, na'ura ta ce iska ta yi yawa fiye da ƙima. Mai gyaran ya canza kaptar, ya kuma gaya wa Kawu wai lodi ake yi wa motar. Ko mako ba a yi ba ta sake durƙushewa.

Daga nan laifi ya faɗa kan direbansa, mu kira shi Malam Idi, shekara goma sha ɗaya yana yi masa tuƙi. Kawu ya ce in ya aike shi Dogo-Dogo buhunan mutane yake lodawa a ɓoye yana karɓar na cefane. Ya karɓe makulli a gaban jama'a. Yanzu a tasha ba mai ba Malam Idi ko baro ya tura, ana ta nuna shi da baki, mutum mai iyali. An ci moriyar ganga ke nan.

Da abin ya gagara sai aka tuna da ɗan jiya. Na shiga ƙarƙashin motar da abin awona. Kaptar wayoyi uku gare shi, ɗaya ta kawo masa wuta bolt biyar, ɗaya mas, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta ukun ita ke kai labari. Motar tana tsaye labarin daidai yake, amma da na kama damin wayoyin na girgiza sai awon ya yi tsalle ya kai biyar cif. A nan na san ba lodi ba ne, wani wuri ne wayar wuta ke taɓa ta labari, ƙwaƙwalwa ta ɗauka iska ta yi yawa ta kashe injin hurawa. Na bi damin da hannu taƙi bayan taƙi, har bayan tankin mai, sai na taɓo wani abu mai taurin fata. Laya ce, an ɗaure ta a jikin damin da wayar ƙarfe irin ta ɗaurin rodi, an murɗe ta tamau da filaya. Ƙarfen ya ci rigar wayoyi biyu, in mota ta yi tsalle sai ya haɗa su. Na kwance, na gyara, na naɗe, muka je Dungass muka dawo ko gezau motar ba ta yi ba.

Ina ganin murɗin nan gabana ya faɗi, don yayana magini ne kuma na san hannunsa. Na same shi, bai ma yi musu ba, ya ce Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta ba shi ya ɗaura. Tun da ɗan ƙanwarta ya rasu a hatsari take tsoron hanya, ta je ta karɓo wa ƙaninta tsari. To Kawu kuwa ba ya ko son jin sunan laya, ya taɓa ƙona wasu da ya gani a ɗakinta, suka yi shekara biyu ko gaisuwa babu, sai sallar bara dattawa suka shirya su da ƙyar.

Kada ku ce ban nemi hanyar tsakiya ba. Na gaya wa Kawu waya ce ta goge, ba laifin direba ba ne. Ya kalle ni sheƙeƙe ya ce waya ba ta goge kanta, nauyin buhuna ne ya danne ta, kuma in ina so ya yarda in nuna masa abin da ya yanke ta. Har yana tambayata nawa Malam Idi ya ba ni. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai, na haɗiye na fito.

Na je wajen Inna na zayyana mata komai, ina zaton za ta tausaya. Ta yi kuka, ni ma sai da idona ya kawo ruwa, don na san ƙauna ce ta sa ta. Amma da ta share hawaye cewa ta yi in ba ta layarta in kama bakina, direba ai Allah zai ba shi wani aikin, ita kuwa ba ta da wani ƙanin. Yaya ya ƙara da cewa a bar kaza cikin gashinta, wai Malam Idi bare ne fa, kuma ko shekara ɗari ya yi a gidan Kawu ba zai zama jininmu ba. Na ce masa lokacin da yake murɗa ƙarfe a jikin wayar wuta kamar yana zuba dakali ai bai nemi shawarata ba. Muka yi kaca-kaca. Ina fita Inna ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "In ka buɗe baki wurin kawunka, to kada ka koma tako mini ƙofa."

Layar tana nan cikin akwatin kayan aikina, ban mayar ba. Shekaranjiya Malam Idi ya zo garejina, bai san komai ba, ya zauna a kan benci ya ce, "Ɗana, kai ka shiga ƙarƙashinta, don girman Allah lodi ne?" Na ce ba lodi ba ne Baba. Ya ce to in faɗa wa Alhaji, shi ba aikin ma yake bi ba yanzu, sunan ɓarawon ne ba ya so ƴaƴansa su gada. Na rasa inda zan sa idona.

Ranar Juma'a bayan masallaci Kawu zai ba sabon direba makulli, kuma ni na riga na yanke, kafin nan zan je in ajiye masa layar nan da wayar ƙarfen a gabansa. Masu cewa aljanna tana ƙarƙashin ƙafar uwa, na sani, tun ina allo na sani, amma ban taɓa jin malamin da ya ce a bar bawan Allah da tambarin sata don uwa ta ji daɗi ba. In na yi shiru ni ne ɓarawon, don ni kaɗai na ga abin da idona.

Saboda haka ba tambayarku nake in faɗa ko kada in faɗa ba. Abin da nake so ku gaya mini, musamman iyaye mata da ke cikin zauren nan, in ce ban san wanda ya ɗaura ba, alhali Kawu zai iya cewa Malam Idin ne ya ɗaura? Ko in kira sunan Inna ƙarara? Kuma in na kira, da wace fuska zan je ranar Asabar da safe in durƙusa a ƙofar ɗakinta in ce ina kwana, ta amsa mini?