Jakin Jar Jita

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa daga yayanka, da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kuma ciwon bayan nan ya daina yi maka gardama. Mu nan lafiya lau, sai tsufa.

Akwai wata magana da na ji shekara talatin da wani abu da suka wuce, lokacin kana bayan ganguna ni ina gaba da jita. Mai Ƙaho, abokin kiɗanmu, shi ne ya fara raɗa mini ita, wai jar jitar Maigida, shugaban ƙungiyarmu, tana kuka da kanta idan ta gama da mai ita. Ko ba a taɓa sandarta ta girgiza murya ba, sai a ji muryarta tana rawa. Na yi dariya, don mutumin nan ya taɓa rantse mini cewa ya ga kifi yana atishawa. Ranar da Maigida ya kira ni ɗakinsa ya miƙa mini jitar kyauta, bai faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba. Na ɗauka sa'a ce.

Ga abin da ya tuno mini da ita. Gidan rediyo sun nemi mu da muka rage mu je su naɗi tsofaffin waƙoƙinmu, ranar Alhamis ta ƙarshen wata da safe. Da babban ɗanka ya ji, sai ga shi da tasa jitar ta zamani, baƙa, ba nauyi kamar faranti, wai in tafi da ita. Ya ce tawa tana karya kafaɗa, wuyanta kamar ƙotar gatari, uwa uba kuma jakinta.

Kai makaɗin ganga ne, bari in tuna maka. Jaki shi ne ƙarfen nan da tsirkiyoyi suke hawa a gindin jita. Na ɗanka a ɗaure yake tamau, ko guduma ba ta motsa shi. Nawa na dā ne, mai lilo. Kusoshi shida ne suke riƙe da bakinsa, sifirin uku kuma suna jan sa ta wani rami a bayan jitar. Tsirkiyoyi na ja nan, sifirin na ja can, shi yana tsakiya kamar sikeli. Ka danna sandarsa kaɗan, muryar ta sunkuya kamar mutum ya yi ajiyar zuciya, ka saki ta miƙe. Gaskiya yana da wuyar sha'ani, tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran biyar su rikice. Amma ba abin da ka yi masa da ba zai amsa ba. Ɗanka ya ce jakin da ba a ɗaure ba yawo yake yi. Na ce masa nasa kuwa tunda ya saya ban ga inda ya kai shi ba.

Sai dai jiya muna gwaji a gareji, na riƙe wata doguwar murya, na ji tana rawa kaɗan. Na duba, sandar tana rataye, ban taɓa ta ba. Ina jin sifirin ne suka gaji. Zan canja su.

Ka gaida ƙanwata da yara.

Yayanka,
Dogo

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ban jira amsarka ba, don maganar ta fi ƙarfin cikina.

Na canja sifirin. Na kwance kusoshin shida na goge su ɗaya bayan ɗaya, na ɗiga mai, na sa sababbin tsirkiyoyi. Na kwantar da ita a kan tebur na taɓa, muryar ta tafi sak kamar zaren magini. Na miƙa wa ɗanka ya kaɗa, sak. Na karɓa na rataya, na ɗora gefen tafin hannuna a kan jakin kamar yadda na saba tun kafin a haife shi, sai ga rawar ta dawo. Ba ta da yawa. Kamar ta mai son yin kuka a cikin mutane yana dannewa. Ɗanka ya tsura wa lasifika ido, ya ce ƙila wayar ce. Ka san shi bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ne suke tona shi.

Shekaranjiya Mai Ƙaho ya zo gwaji, yanzu da sanda yake tafiya. Ya zauna yana zuba kamar kullum, har na fara kaɗawa. Ban kai rabin waƙar ba ya miƙe. Ya lalubi hularsa, ya ce ya tuna ya bar wuta a kunne. Mutumin da bai taɓa barin shayi a kofi ba, ranar ya bari.

Tunda na ambaci shayi, uwar yara ta ɗauke ƙaramin kofina, ta kawo wani babba, kuma rabi take zuba mini. Na tambaye ta, ta ce likita ya hana ni sukari. Na ce ai ba sukari na tambaya ba. Sai ta juya tana neman murfin tukunya, murfin kuwa yana hannunta.

Auta, ka tuna yadda Maigida ya koma bayan ya ba ni jitar nan? Ya daina miƙa hannu a gaisa, sai ya dafe ƙirji da hagu, damansa kullum a aljihu. Mu muna cewa girman kai ne ya kama shi. Zuwana na ƙarshe gidansa, 'yarsa ce take ba shi abinci da cokali, shi kuma yana kallon bango don kada mu haɗa ido. Har na tashi bai tambayi jitar ba.

Ɗanka ya kawo shawara. Wai a yanko guntun katako a cusa a ramin baya, a tokare jakin, ya daina lilo gaba ɗaya. Ya ce kowa haka yake yi yanzu, ba wanda zai ji komai ranar Alhamis. Ya ajiye mini katakon a kan tebur. Yau kwana biyu muna kallon juna.

Ka sa ni a addu'a.

Yayanka,
Dogo

Zuwa ga ƙanena,

Takardarka ta iso ranar Talata, na gode, Allah Ya bar zumunci. Na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi.

Na sa katakon da hannuna ranar Laraba. Ya ɗauke ni lokacin da dā zan gyara jita uku. Na kaɗa, ba rawa, ba kuka, ba komai. Ta zama kamar ta ɗanka, mai ladabi. Na danna sandar, ta ƙi motsi, kamar ka girgiza mutum bai farka ba. Na zauna ina kallon hannuna a kan gwiwata, shi ai ba a tokare shi ba. Da gari ya waye na zare katakon na sa a aljihu.

Mun je gidan rediyo. Ɗaki ne ba taga, bangonsa duk soso, ana jin numfashin kowa. Muka yi waƙa huɗu, ta ƙarshe ita ce ta bankwana wadda Maigida yake rufe taro da ita. Da muka gama, mai naɗin ya cire abin kunnensa ya fito daga bayan gilashi. Ya ce Baba, shekara goma yana aikin nan bai taɓa jin wanda ya iya girgiza murya a hankali haka ba, tun daga farko har ƙarshe ba ta yanke ba. Ya ce wannan sai tsohon hannu da tsohon jaki. Na yi masa godiya. Sandar tana cikin jaka, Auta. Tun a gida na kwance ta.

Da muka dawo na kira ɗanka ɗaki na miƙa masa jar jitar. Yaron da ya gama kushe ta, sai ga shi yana shafa wuyanta yana murmushi, irin murmushin da na yi a ɗakin Maigida. Na so in bar shi haka, kamar yadda aka bar ni. Ban iya ba. Na ce masa jakin nan ba ya ɓoye wa mai shi komai, ranar da ya ji ta fara kuka, kada ya ɓata lokaci a kan sifirin. Litinin zai kai ni asibiti a duba hannun nan.

Maganar da na yi wa dariya, Mai Ƙaho ya faɗa mini ita sau biyu, sau ɗaya da baki, sau ɗaya da hularsa. Uwar yara ta faɗa mini da kofi. Duk na sami abin da zan ce musu. Wanda ya faɗa mini ita na ƙarshe bai ko ji kukan jitar ba. Kai ne, a ƙasan takardarka, inda ka tambaya ko alƙalamina ne ya lalace, don rubutuna ya ƙanƙance yana rawa.

Alƙalamin sabo ne, Auta.

Yayanka,
Dogo