Sun sa wa Kawuna muryar wani

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, ko da yake na san duk ɗan yankinmu da ya karanta zai gane ni tun kafin ya kai tsakiya. Don Allah ku ba ni shawara, don abin da idona ya gani a 'yan makonnin nan, wallahi ya fi ƙarfina.

Ni ɗan Aliero ne amma a Jega nake zaune, sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka. Na daɗe ina da burin in yi fim nawa na kaina, ba irin na rawa da waƙa ba, fim a kan abin da na tashi na gani, wato noman albasa. Labarin wani tsoho ne da ya ƙi sayar wa dillalai albasarsa da arha lokacin kaka, ya zuba ta a rudu, wannan rumfar karan da muke ajiye albasa a kai ta sha iska, yana jiran ta yi daraja, har ruwa ya zo ya same ta. Shi ke nan labarin. Ba jarumi, ba mota, ba gidan sama. Kamarar da nake zuwa biki da ita, da ita muka ɗauka, waɗanda suka fito a ciki kuma duk 'yan uwa ne da makwabta na Jiga Makera, ƙauyen kawuna, ba wanda ya nemi ko sisi, sai dai in an tashi a dama fura a sha.

Tsohon da ya ja fim ɗin kawuna ne, yayan mahaifiyata, Kawu Manu. A gonarsa muka yi, rudunsa ne, albasarsa ce. Da farko ko saurarona bai yi ba, ya ce shi da furfurarsa ba zai shiga wasan banza ba. Na yi ta zarya, har ranar da na ce masa Kawu, mutanen birni kullum da albasarku suke miya, amma ba su taɓa jin bakin wanda ya noma ta ba, sai bakin dillali. Ya ci gaba da gyara kara, can ya ce, "To in haka na, a ji mu. Amma kak ka bari a maishe ni abin dariya." Na ce masa na ɗauki alkawari. Ku riƙe wannan maganar, don ita ce ta hana ni barci.

Ba mu rubuta masa komai ba, shi ma ba karatun boko ya yi ba, sai dai in ce Kawu ga abin da ya faru, shi kuma ya faɗi abin da zai faɗa in da gaske ne. Da Hausarmu ya yi, yadda yake magana a ƙofar gida. Muna cikin haɗa fim ɗin a kwamfutar wani abokina, Malam Yohanna, malamin makaranta ne a Maiyama, Kirista ne da aiki ya kawo shi garin, shi ya ba ni aron kwamfutarsa da ɗakinsa, Allah ya yi wa Kawu rasuwa. Ciwo kaɗan ya yi. Bai ga fim ɗin ba ko sau ɗaya.

To da aka gama sai maganar wa zai fitar da shi. Wani ya haɗa ni da wani babban kamfani a Kano, ba zan kama suna ba, suna da hanya a gidajen talabijin, suna da tasha a intanet da jama'a ke bi kamar me. Na yi wanka na hau mota na tafi. Manajan yaro ne bai fi ni ba, yana ta juyi a kujera, ya yaba hoto, ya yaba labari, ya ce tsohon nan fuskarsa kaɗai kasuwa ce. Har na fara jin daɗi, sai ya ce matsala ɗaya ce, murya. Wai mai kallo da ya ji Sakkwatanci yake gyara zama ya fara shirin dariya, in bai samu dariyar ba sai ya kashe ya nemi wani. Na ce masa ai wannan ba fim ɗin barkwanci ba ne, ya ce shi ya sa za su gyara mini shi. Za su ɗora wa kowa sabuwar murya ta Hausar Kano, shi kuma tsohon za su bar masa ɗanɗanon ƙauyensu. Haka ya ce, ɗanɗanon ƙauyensu. Ban gane nufinsa ba sai da suka turo mini samfuri a waya.

Jama'a, wani ɗan barkwancinsu suka samo yana kwaikwayon maganarmu, irin kwaikwayon nan da suke yi mana na wanda aka ɗauka sakarai, yana shaƙe murya yana ja. Wurin da suka zaɓa kuma shi ne zuciyar fim ɗin, inda Kawu ya ɗaga karan rudu ya tarar albasa ta ruɓe tana ruwa. A gaske abin da ya yi, ya tsaya ya daɗe, ya ce inna lillahi a hankali, ya mayar da karan ya rufe. Duk wanda ke wurin ranar sai da jikinsa ya yi sanyi, don ba wasa yake ba, abin ya sha faruwa da shi. Su kuma suka sa masa kururuwa da wayyo na shiga uku na lalace, har da wannan ƙarar ta katun da ake sawa in mutum ya zame ya faɗi. Bakin mamaci na motsi da salati, wani ƙato a Kano na ihu a ciki. Tir! Na kira manajan na ce ku ba ku da iyaye ne, ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, haka kasuwa take, kuma sharaɗinsu in na ba su, na asalin ba zan sake fitar da shi ko'ina ba.

Na dawo na ce to Allah na tuba, bari in koma gida. A Jega akwai Bello, mai shagon tura finafinai a waya kusa da tasha, abokina ne muna cin abinci kwano ɗaya. Ba ƙaramin mutum ba ne a nasa fagen, yana da yara masu zagaya kasuwannin Maiyama da Dangamaji da Aliero suna tura wa mutane a memori, yana kuma kai majigi ƙauyuka lokacin salla. Ya kalli fim ɗin har ƙarshe, ya share ido, ya rantse ba mai taɓa muryar Kawu, ya zagi mutanen Kano tas. Na ce alhamdu lillahi, ashe na gida ya fi. Ya ce in ba shi kwana biyu ya haɗa ɗan guntun talla da za a fara yaɗawa.

Abin da ban yi tunani ba, su Bello ba daga masu kallo suke ci ba, daga masu maganin gargajiya suke ci, su ke biya a liƙa tallarsu a jikin fim. Na sani sarai, na sha gani, amma ban kawo zai yi wa nawa ba. Da na koma ya kunna mini yana washe baki. Ya nemo wurin da Kawu ya daɗe a tsugune yana dashe, ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu, daidai nan ya tsayar da hoton, sai ga murya ta amsa-kuwwa tana tambaya ko kana fama da basir mai tsiro, ga lambar waya na gudu a ƙasan gemun Kawu. Wallahi da ba don mutane a shagon ba da na kife masa kwamfutar. Na ce Bello mutumin nan kabarinsa bai bushe ba, ka ci tuwon gidansa. Ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba, ai kowa na basir, kuma wurin ya dace ne shi ya sa. Ya dace! Na sa shi ya goge a gabana. Yanzu ya sauko, ya ce zai matsar da tallar daga kan Kawu, amma talla dole ta shiga tsakiyar fim, in ba haka ba yaransa ba za su ɗauka ba. Ni kuma na san garinmu, in aka ga fuskar mutum da tallar nan a fim ɗaya, an gama raɗa masa suna, 'ya'yansa da jikokinsa za su gaje shi, a kasuwa za a riƙa nuna su.

Malam Yohanna ya ce in ba wa kamfanin Kano fim ɗin, in toshe hanci, sunana zai fita, fim na biyu sai in yi yadda nake so. Na ce masa fim na biyu ba Kawu a ciki. Mahaifiyata ta ce in bar shi a aljihu kawai. To amma waɗanda suka bar gonakinsu suka tsaya mini a rana fa, kullum sai an tare ni a hanya ana tambaya yaushe za a gani. Na gwada tunanin in sa shi da kaina a intanet, amma ni da ba kowa ke bi na ba sai amaren da na yi wa bidiyo, wa zai gani?

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Matar Kawu, Inna Kulu, ta fita takaba, ta aiko in zo in nuna mata. Na je Jiga Makera, muka zauna a tsakar gida, na miƙa mata waya. Garin sauri na danna samfurin Kano maimakon na asali. Kafin in fizge har ihun nan ya fara. Ta matso da wayar kusa da ido, ta kalla, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wane na wanga da yas sa rigar Malam?" Shekarun da ta yi da Kawu sun fi nawa a duniya, ga fuskarsa ɓaro-ɓaro, amma ba ta yarda shi ba ne. Na ce kuskure ne Inna, na kunna mata na gaskiya. Da ta ji muryarsa ba ta yi kuka ba, ta dai kifa wayar a cinya ta bar kallon, tana saurare har ya ƙare. Sannan ta ce Kawu ya gaya mata na ce mutanen birni za su ji shi. Ta ce, "To sun jiya?"

Na ce mata ana kan hanya.

Don Allah ku gaya mini gaskiya, ba lallashi nake nema ba. In ba wa Kano, mutanen birni su ga fuskarsa suna dariya da muryar wani? In ba wa Bello, a ji muryarsa a ƙauyukan da tuni suka san ta, da tallar basir a tsakiya? Ko in rufe shi a waya, ya zama na tsayar da tsoho a rana a banza? In akwai wanda ya san wata hanya ta uku, mai fitar da fim da ke da kunya ko kaɗan, ya taimaka ya faɗa a nan. Abu biyu kawai Kawu ya roƙe ni, a ji shi, kuma kada a yi masa dariya. Ranar Juma'a zan koma gaida Inna, kuma na san tambayar da za ta fara yi mini tun ban cire takalmi ba.